Ranar Da Aka Jawo Mai Jan Motoci

Akwai wani direba a garin Sakkwato mai suna Tukur, haifaffen Ƙofar Marke. Sana'arsa jan motocin da suka lalace a hanya. Idan motarka ta mutu a hanyar Wamakko, ko ta ƙi tashi a bakin kasuwa, lambarsa ce za a fara miƙo maka.

Janwen, wato motar jan da yake aiki da ita, farar a-kori-kura ce mai giyar otomatik, an ɗora mata ƙugiya da sarƙa a baya. Amma ba tasa ba ce. Ta mijin yayarsa ce, Malam Yari, wanda Allah ya yi wa rasuwa ya bar matarsa Lantana da ƙananan yara a wani ɗan gida a Arkilla.

Da Lantana ta fita takaba, dangin mijin suka kawo shawarar a sayar da motar. Ita kuwa ta ce a'a, tana da ƙane direba, shi zai riƙe ta. Da motar nan ake cefane a gidan, da ita yaran suke zuwa makaranta.

Ranar da ta miƙa masa makulli ta ce, "Tukur, abu guda nika roƙonka. Marigayi kullum shina hwaɗin motar ga ta ƙananan motoci ta. Ko wa yaz zo maka da babbar mota, ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Yaya, in Allah ya so ba ki jin komi."

Tukur ba mugun mutum ba ne. Yana sallah a kan lokaci, yana kai wa yayarsa abin da aka samu ba tare da ya rage ba. Rauninsa ɗaya ne: yana son yabo. Idan aka ce masa "ai sai kai", to hankalinsa ya tafi.

Wata rana cikin bazara, rana ta take, kwalta har wani walƙiya take yi, aka kira shi can hanyar Kware. Da ya isa sai ya tarar ba ƙaramar mota ba ce. Babbar motar kaya ce, Kanta, maƙare da buhunan albasa, ta mutu a ƙasan wani hawa.

Yana ganinta ya girgiza kai, ya fara neman juyawa. Direban kantar ya biyo shi da sauri.

"Haba maigida! Mun kira wani mai janwe yac ce tashi ba ta iyawa. Anka ce mana duk Sakkwato in ba kai ba babu mai wanga aiki. Albasar mutane ta, in ta wuni cikin ranar ga ta lalace."

Mutanen ƙauyen da suka taru a gindin bishiyar bedi suka sa baki. Wani ya ce ai motar tasa daga gani ƙarfi gare ta. Wani ya ce a bar shi, ƙila tsoro yake ji.

Kalmar tsoron nan ita ta kayar da shi. Ya tuna maganar yayarsa sarai, amma ya ce a ransa sau ɗaya ne, kuma wa zai gaya mata? Ya sauko ya ɗaura sarƙa.

Motar ta yunƙura tana nishi. A tsakiyar hawan ya ji wani wari kamar ana ƙona roba, allurar zafi ta fara hawa. Maimakon ya tsaya, sai ya ƙara taka totur, domin ta madubi yana hango mutane suna tafi suna ɗaga masa hannu. Haka ya ja kantar nan har wani fili a bakin gari, inda wata motar za ta kwashe kayan.

Direban ya rungume shi yana ta zuba masa kirari. Tukur ya dawo gida yana jin kansa. Ya lura motar tana ɗan fizga idan za ta canza giya, amma ya ce gajiya ce, ta huta za ta ware.

Washegari da hantsi ya ɗauko motar wani ma'aikaci daga Arkilla zai kai ta gareji. Suna shiga wani shataletale mai cunkoso sai janwen ta saki. Injin yana ta ruri, taya ba ta motsi. Ya mayar da giya, ya sake sakawa, ya taka. Ko gezau. Ribas kaɗai take amsawa.

Nan take hanya ta cushe. Masu keke napep suna ta danna ham, 'yan kabu-kabu suna ratsawa suna dariya. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Yau mai jan mutane shi anka rasa mai ja!"

Ma'aikacin ya fito yana faɗa, ya ce ya kira mai taimako ashe shi ma mai neman taimakon ne. Dole Tukur ya kira Hamza, wani mai janwe da suke gasa, wanda Tukur ya sha yi wa motarsa ba'a a gaban mutane. Hamza ya zo, ya fara kai motar ma'aikacin, ya dawo ya ɗaura ta Tukur.

Haka aka ratsa gari da shi yana zaune a sitiyari, kansa a ƙasa. Duk majalisar da suka wuce sai an nuna shi. Aka ajiye motar a ƙofar gidan Lantana.

Ta fito da hijabinta a karkace, ta dubi motar, ta dubi ƙanenta.

"Subhanallahi! Tukur, mi yas same ta?"

A nan ne gaskiya ta zo masa har bakin leɓe. Sai ya ga yaran sun leƙo daga zaure, ya ga idon yayarsa ya kawo ruwa, ya ji ba zai iya ba. Sai ya tuna cewa a makon da ya wuce ya kai motar an canza mata man giya a garejin Sirajo.

Sirajo bakanike ne a wajen Ƙofar Dundaye, mutum mai shiru-shiru, wanda ya ƙware a giyar otomatik. Tun Malam Yari yana da rai shi yake duba motar.

Tukur ya ce, "Yaya, Sirajo na. Man jabu yaz zuba mata. Tun randa nik karɓo ta nika jin ba daidai take ba."

Lantana ta dafe ƙirji. "Sirajo? Wanda marigayi ya yarda da shi kamar ɗan'uwa?"

"Shi fa."

Da ƙaryar ta tsaya a nan, da da sauƙi. Amma dariyar da aka yi masa a shataletale tana ci masa rai, yana son ya nuna wa gari cewa laifin ba nasa ba ne. Ya ɗauki waya ya naɗi murya, ya tura a zauren WhatsApp na direbobi da kanikawa. Ya ambaci sunan Sirajo da inda garejinsa yake, ya ce ya zuba wa motar marayu man jabu ya kashe ta, ya ce duk mai son motarsa ya kiyayi wurin.

Kafin la'asar saƙon ya zagaye wayoyin gari. Mutane suna ta Allah wadai. Sirajo bai mayar da ko kalma ɗaya ba.

Daga nan sai neman inda za a gyara mota. Tukur ya ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda ya san kanikawa da yawa. Ya hau kabu-kabu ya fara zagaye.

Garejin farko suka ce su giyar hannu suka iya, ba sa buɗe otomatik. Na biyu mai wurin ya ce kada ma ya wahalar da kansa, ya nemi wata giyar 'yar Kwatano a ɗora, amma shi ba zai yi masa alkawarin lafiyarta ba. Wani ya ce sai dai a ɗora motar a kai Kano.

Kowace safiya sai ya fita, ya dawo da yamma fuska a bushe. Kiran aiki yana ta shigowa wayarsa, yana tura su ga Hamza. A gidan Lantana kuwa an fara rage hannu a tukunya. Ya lura an daina sa nama a miya, an daina saya wa yaran fura da rana, ba wanda ya yi masa magana a kai. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

A ƙarshe aka kwatanta masa wani gareji a hanyar Gusau, aka ce mai shi yana taɓa otomatik. Ya isa da zumuɗinsa. Mutumin yana ƙarƙashin mota, ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ƙare masa kallo.

"Kai na Tukur mai janwe?"

"Ni na."

"Na ji muryarka a waya. Ka yi haƙuri, ba ni taɓa motarka."

"Don mi? Ai ba kyauta za ka yi mani ba."

"Ba zancen wannan ba na. Yau in nit taɓa ta, gobe wani abu ya hwaru, sunana za a ji cikin wayoyin mutane. Ina da iyali. Kuma bari in hwaɗa maka, ni kaina in aiki ya gagare ni, wurin Sirajo nika kai shi."

Tukur ya fito ya tsaya a bakin titi, rana tana dukansa. Ya gane cewa da bakinsa ya rufe wa kansa ƙofofin gari. Ƙofa ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda ba shi da fuskar tunkara.

Da ya koma ya gaya wa Lantana an rasa mai gyara, ya kawo shawarar a sayar da motar haka nan a yadda take. Yana fatan maganar ta mutu a nan. Sai ta miƙe tsaye.

"A sai da ta? Wanda yal lalata ta shina zaune lahiya lau? Wallahi ba a yi haka ba. Shi yak kashe ta, shi za ya tada ta. Na aika wa Baba Na'Allah, gobe da sahe tare za mu tahi."

Baba Na'Allah dattijo ne, shi ne shugaban kanikawan yankin. Idan rigima ta taso tsakanin bakanike da mai mota, gabansa ake zuwa, kuma abin da ya yanke ya zauna.

Tukur ya yi saurin tarar numfashinta. Ya ce, "Yaya, ki zauna gida, ni in tahi. Ba girmanki ba na shiga gareji."

Ta ce, "Girman mi ya rage mani, ɗiyana na kwana da rabin ciki? Ina son in dubi idonai."

Da safe Hamza ya sake jan motar zuwa Ƙofar Dundaye, Lantana da Tukur suna biye a keke. Tukur ya san garejin Sirajo da cika, har sai an rasa inda za a ajiye mota. Ranar kuwa fili ne fetal. Wata tsohuwar mota ce kaɗai a gefe, an ɗora ta a kan duwatsu. Sirajo yana zaune a benci a ƙarƙashin rumfar kwano yana wanke wasu ƙarafa a cikin fetur.

Tukur ya tsaya yana kallon wannan fili. Sai a lokacin ya ga girman abin da muryarsa ta yi.

Baba Na'Allah ya riga su isowa, maƙwabtan kanikawa ma sun fara taruwa. Sirajo ya tashi ya gaishe da Lantana cikin ladabi, ya jawo mata kujera. Ta ƙi zama.

"Riƙe kujerarka, Sirajo. Ban zo zama ba. Kai da marigayi kunka ci abinci kwano guda. Randa yar rasu kana cikin masu ɗaukar makara. Ashe duk wannan na ganin ido na? Marayu za ka cuta? Mi sunka yi maka?"

Hawaye suna zubo mata. Ta ce ba ta yafe ba, ta ce Allah zai bi wa yaranta hakkinsu. Kowace kalma da ta faɗa, Tukur ji yake kamar a kansa ake sauke ta.

Sirajo ya sunkuyar da kai har ta gama. Sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Bari in duba motar."

Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya kwance tiren giyar. Man da ya zubo baƙi ne wuluk, yana warin ƙuna. Ya ɗan murza shi a yatsa, ya ɗago kai ya dubi Tukur. Kallo ɗaya ne, ba harara, ba murmushi. Tukur ya kawar da ido.

Baba Na'Allah ya gyara zaman hularsa ya ce, "To Sirajo, ga mota ga masu ita. An ce man jabu kaz zuba. Mi za ka ce?"

Sirajo ya ce, "Baba, Allah shina gani, man da niz zuba mai kyau na."

"To mi yak ƙona giyar?"

Sirajo ya ci gaba da murza man a yatsa.

"Da kai nika magana. In kana da abin hwaɗi, hwaɗi. In ba ka da shi, ka san ƙa'ida. Za ka gyara ta daga aljihunka, kuma ka ruhe wurin ga sai munka zauna a kanka."

Tukur ya tabbata yanzu za a tone shi.

Sirajo ya goge hannunsa a hankali ya ce, "Baba, ba ni da abin ƙarawa. Zan gyara ta. Motar Malam Yari ta, ba ni bari ta zauna."

Wani daga cikin kanikawan ya ce, "Kai Sirajo, in ba kai ba na, ka hwaɗi mana!"

Ya ce, "Na gama magana."

Baba Na'Allah ya numfasa, ya buɗe baki zai yanke hukunci. Sai aka ji muryar Tukur.

"Baba, tsaya."

Duk aka juyo.

"Ba shi ba na. Ni na." Ya matso gaba. "Kanta nij ja, cike da albasa, hanyar Kware, cikin rana. Na ji tana ƙauri ban tsaya ba. Ni niƙ ƙona ta. Ƙarya niy yi mai."

Ya durƙusa a wurin, cikin baƙin mai da ƙasa, ya rufe fuska da tafukansa.

Lantana ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta ja hijabinta ta rufe baki, ta juya wajen Sirajo. Matar da ta shigo da ƙarfinta ɗazu, yanzu ko ɗaga ido ta kasa.

"Malam Sirajo, don girman Allah ka yahe mani. Na ɗauki alhakinka da bakina, gaban mutane."

Ya ce, "Hajiya, ba ki yi mani komi ba. Abin da anka hwaɗa maki kika aiki da shi."

Ta juyo ga ƙanenta. Kowa ya ɗauka za ta rufe shi da faɗa, amma a hankali ta yi magana.

"Tukur, da ka zo kac ce mani ka ƙona mota, da na yi hushi kwana biyu na huce. Ƙarhe na, ana gyara shi. Amma ka tsaya kana kallo ina yi wa bawan Allah baki a kan abin da bai yi ba. Wannan shi ac cikin raina. Ba ni makullin."

Ya zaro makullin daga aljihu ya miƙa mata. Ta karɓa ta tare keke ta tafi, ba ta jira shi ba.

Baba Na'Allah ya yi wa Tukur faɗa sosai, ya ce wayar da ya yi ɓarna da ita, da ita zai fara gyara, kuma a nan take. A gaban kowa Tukur ya naɗi sabuwar murya, ya ambaci sunansa, ya faɗi abin da ya yi, ya wanke Sirajo.

Da mutane suka watse, aka bar su su biyu a ƙarƙashin rumfa. Sai Tukur ya tambayi Sirajo.

"Ka gane tun da kag ga man?"

Sirajo ya ce, "Tun kahin nan. Direban kantar nan garejin bayanmu yak kawo motatai gyara. Shina ta ba da labarin wani mai farar janwe da yaj ja shi da kaya niƙi-niƙi. Yabonka shika yi, bai san komi ba."

Tukur ya ɗago a razane. "To don mi ba ka hwaɗi ba? Wurinka ya mutu saboda ni. Kalma guda za ka yi a wanke ka."

Sirajo ya ajiye sifanar da ke hannunsa.

"Na so in hwaɗi, ba ni yi maka ƙarya. Ranar da saƙonka yak kai ga surukina, har na ɗauki waya. Sai nit tuna Hajiya ba ta da wani namiji tsaye sai kai. In ni nit tone ka, tsakaninku ya ɓaci ke nan, kuma ɗiyan Malam Yari za su ji jiki. In kai kah hwaɗi da bakinka, akwai sauran gyara. Shi yas sa nika jiranka."

"In da ban yi magana ba fa?"

"Da na ruhe wurin. Na ɗanɗana yadda tozarci yake cikin kwanakin ga, Tukur. Ban so in ɗanɗana ma wani."

Tukur bai san lokacin da kuka ya ƙwace masa ba. Babban mutum da gemunsa, yana kuka a bakin gareji da rana tsaka. Sirajo bai hana shi ba. Da ya lafa sai ya miƙo masa tsumma ya ce, "Tashi ka kama mani, giyar ga ba ta saukuwa da mutum guda."

Gyaran ya ɗauki lokaci. Sai da Lantana ta sayar da ragunan da take kiwo a bayan gida aka sayo kayan da suka ƙone. Tukur kullum yana garejin tun safe, yana miƙa sifana, yana wanke ƙarafa, yana sauraron habaicin masu wucewa ba ya tankawa.

Da motar ta tashi, Lantana ta ba wani direban. Tukur ya koma zama a gefensa, shi ne mai sauka ya ɗaura sarƙa a kan motar da a da shi ke tuƙa ta. Sai bayan damina ta wuce, da Sirajo da Baba Na'Allah suka je har Arkilla suka roƙe ta, sannan ta mayar masa da makulli.

Garejin Sirajo ya farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba. Wasu manyan masu kawo masa aiki sun riga sun kama wani wuri. Saƙon farko ya shiga inda na biyu bai taɓa kaiwa ba.

Tukur ya tabbatar da haka da kunnensa. Wata ranar Laraba aka kira shi hanyar Bodinga, motar wani dattijo ɗan kasuwa ta tsaya, giyarta ta saki. Ya ɗaura ta, dattijon ya shigo gaba ya zauna kusa da shi. Tukur ya tambaye shi inda za a kai.

Dattijon ya ce, "Ko'ina ka sani, ɗana. Amma ban da wani wai shi Sirajo na Ƙohwar Dundaye. An ce man jabu shika zubawa, har motar marayu ya kashe."

Tukur ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Mutumin bai san shi ba. Zai iya yin shiru ya wuce, ba wanda zai sani. Ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya tsaya.

"Baba, wanda yay yi waccan maganar, ni na. Motar marayun kuma ita ta wagga da kake ciki. Ƙarya niy yi mai don in ɓoye laihina. Duk garin ga ban san mai amana kamar shi ba."

Dattijon ya juyo ya dube shi.

"Kai da kanka?"

"Ni da kaina, Baba. Kuma duk inda nij ji ta, sai na tsaya na hwaɗi haka."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Ni ma na hwaɗa wa mutum ya kai nawa. Ashe ni ma ina da inda za ni koma." Ya gyara zama. "To mu tahi wurin nashi."

Tukur ya kunna sigina ya hau titi, suka nufi Ƙofar Dundaye.

Darasi: Kuskure ba ya zubar da mutunci kamar yadda ƙaryar da aka rufe shi da ita take zubarwa. Idan ka yi ɓarna, ka daure wa kunyar rana ɗaya ka amsa laifinka, kada ka ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Sunan mutum shi ne abincin iyalinsa, kuma maganar da ka saka a waya ba ka da ikon dawo da ita. Kafin ka tura wani saƙo na ɓata wani, ka tabbatar, ka kuma ji tsoron Allah. Wanda ya samu damar tona maka asiri ya rufa, ka riƙe shi da kyau. 'Yan'uwa, ku tura wannan labari ga direbobi da masu sana'a da duk wanda hannunsa ke saurin yaɗa abin da ya ji, ko Allah zai sa ya hana wani ɗaukar alhakin da ba zai iya saukewa ba.